Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayen gidanmu masu shaguna da atiliye a Damagaram: ku maido mana da awar nan ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhazai da Hajiyoyi, iyayen gidanmu masu shaguna da atiliye da garaji a cikin garin Damagaram, da dattawan da kuka ɗora kan shugabancin ƙungiyoyinku, barkanku da kasuwa, ya iyali, ya haƙuri da mu. Allah ya ƙara girma ya ƙara buɗi.

Ni ɗanku ne. Shekarata 11 a shagon kayan wuta da sola, na shigo ina share ƙofa ina sayo shayi, yau ni ke riƙe makulli in maigida ya yi tafiya Kano. Kuma ba da bakina ni kaɗai nake magana ba, akwai yaran shago irina, da apranti na garaji da na masu walda, da yaran tela, da masu gyaran firigo da waya, da ƙannenmu mata masu zama kan kes a butik da wajen fotokopi, mafi yawanmu a fada muke haɗuwa bayan isha'i muna shan shayi kowa na faɗin abin da ya same shi ranar, su suka ce tunda na ɗan taɓa lakwal har kwaleji to ni zan rubuta. Na rubuta, in akwai inda harshe ya zame ku yafe, gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Abin da ya tada maganar kun san shi. Bara bayan Layya wasu daga cikinku a layinmu suka zauna suka yarda za a ware awa ɗaya duk sati a zaunar da yara a koya musu aiki, ba a tsaitsaye ba. Wallahi mun yi murna har wasu suka sayi kaye da bik. An yi sau uku. Daga nan wannan ya yi tafiya, wancan kaya sun sauka masa, sai a zamanku na ƙarshe aka ce a dakata sai kasuwa ta gyaru. Mu a bakin mai shayi muka ji, ba wanda ya kira ko ɗayanmu ya tambaye shi ko zaman nan uku sun amfane shi. To Alhazai yaushe kasuwa ta taɓa gyaruwa har ɗan kasuwa ya ce yau kam ta gyaru? Tun ina yaro nake jin sai kasuwa ta gyaru.

Kukanmu na farko shi ne wannan tsarin na "tsaya ka kalla za ka iya" ya daina isa. Da can ya isa, don kayan ba sa canzawa, kwan fitila da soket da waya ne, yaro ya shekara biyu yana kallo ya iya. Amma tun watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, kowa a garin nan ya koma neman sola da gurup, kaya suka yi ta shigowa kala-kala, batir mai ruwa, batir jel, yanzu ga lityom, kowanne da irin cajin da yake so, inbata kuma, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, kowace da harshenta, takardar da ke cikin kwali in ba Turancin Ingila ba to rubutun Sin. Wa yaro zai kalla ya iya, alhali shi babban ma lalube yake?

Bari in ba ku abin da ya faru a shagonmu. Watan Afrilu ne, zafin nan da ƙarfe ba ya taɓuwa. Wani malami ya sayi fanno 4, wato farantan sola, batir 2, regilatar mai daidaita cajin batir, da inbata mai bolt 24, ya ce a je a ɗaura masa a gida. Ni ina wajen wani aikin, sai aka ce wa ƙaramin yaronmu ya ɗauki kaya ya je, ai ya sha ganin ana yi. Gaskiya ne ya sha gani, wata 8 yana riƙe tsani yana miƙo turnabis. Amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi, har da ni, ban cire kaina ba, ya ce masa batir biyu masu 12 in ka haɗa jan wannan da baƙin wancan su ke ba da 24, in ka haɗa ja da ja baƙi da baƙi suna nan a 12 ɗinsu, kuma regilatar batir ake fara sa mata kafin fanno don daga batir take gane ko 12 ce ko 24. Maganar minti goma ce fa. Yaro ya fara da fanno da rana tsaka, da ya zo kan inbata kuma ya juya waya. Ya ce min ƙara ɗaya ya ji, tas, sai wari kamar an jefa leda a wuta, sai matar gidan ta leƙo daga madafa tana salati. Da la'asar ya dawo da inbatar cikin buhun shinkafa, ya aje ta bakin ƙofa ya tsuguna gefenta ya kasa shigowa, leɓensa duk ya bushe ko ruwa bai sha ba. Aka yanke za a riƙa cire masa jika 10 duk wata cikin jika 20 da ake ba shi. Wata huɗu ya yi ya tafi, yanzu kabu-kabu yake yi da moto na wani, in ya hango ni sai ya kauda kai. Shago bai maida kuɗin inbata ba, ya rasa yaron da aka ciyar shekara guda, malamin nan kuma bai sake sayen ko kwan fitila wajenmu ba, kuma mutum ne mai jama'a, duk wanda ya tambaye shi wajen sola wani shagon yake nuna masa.

Wannan ya kawo ni kan na biyu, wanda shi ya fi ci mana rai: a cire wa mutum kuɗi kan abin da ba a taɓa koya masa ba. Wata ƙanwarmu da ke zama kan kes a wata butik, mutum ya shigo mata da babbar riga sai ƙamshin turare, ya ɗebi madara da shinkafa da mai na jika 38, ya ce zai tura ta waya. Saƙo ya shigo wayar shago, ta ga adadin ya yi daidai, ta ce Allah ya amfana, ya sa a adaidaita ya tafi. Da dare Hajiya ta duba ba ko dala da ta shigo. Saƙon shi ya rubuta shi da hannunsa ya turo daga wata lamba. Yarinyar ba ta san saƙon gaskiya da sunan kamfani yake zuwa ba, ba daga lamba irin ta kowa ba, ba ta san sai an shiga an ga kuɗin sun ƙaru cikin asusu kafin a saki kaya ba, don ranar da aka kawo wayar miƙa mata kawai aka yi aka ce ga ta nan in an turo ki duba. Albashinta na wata guda da rabi ya tafi a nan. Kuma abin takaicin, sati biyu kafin nan an yi wa wani shago irin wannan a layi na gaba, maigidan ya rufe maganar don kar a yi masa dariya. Da akwai inda ake zama duk sati ana faɗin irin wannan, da labarin ya riga ɓarawon isowa.

Mun san gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 42,000 tun Janairun 2024, kuma mun san da yawanmu ko kusa ba mu kai nan ba. Ba wannan muka zo yi yau ba, mun san yadda kuke fama da haya da fatanti da kuɗin duwan. Amma wanda ke karɓar rabin wancan, a zo kuma a zaftare masa rabi kan jahilcin da ba shi ya zaɓa ba, dan Allah ku auna wannan da ma'aunin da za ku so a auna 'ya'yanku.

Na uku maganar rai ce da lafiya. Firigo na yanzu da yawansu gas ɗin da ke ciki, wanda ake rubuta R600a a bayansu, yana kama wuta, ba kamar na da ba, amma za ka ga apranti ya kunna wutar walda a kan bututu kamar yadda ya ga ana yi wa tsohon firigo, ko takardar da ke manne a bayan bai duba ba don ba wanda ya ce masa akwai abin dubawa. Yaran walda nawa ne ke kwana suna hawaye ido kamar an zuba yashi saboda tabarau na kasuwa suke sawa maimakon gilashin walda? Ruwan batir kuma, ana zuba ruwa cikin asid ko asid cikin ruwa, tambayi yara goma ka ji amsa. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, in aka juya yana tafasa ya fantsamo wa mutum a fuska. Akwai shagunan da ke da tukunyar kashe gobara rataye a bango, ja wur, an saya don masu dubawa, amma ba yaron da ya taɓa zare fil ɗinta ko sau ɗaya. Shaguna kuma a manne suke da juna, wutar da ta tashi wajen maƙwabci ba ta tambayar wa ya koya wa yaransa wa bai koya ba.

Na huɗu, ba wai ba a taɓa yin formasiyo a garin nan ba. Ana yi. Wata ONG ko wani furoje ya zo, a kama zaure a otal kwana uku, a rubuto wa ƙungiya a ce ta kawo mutum goma. Su wa ke zuwa? Ɗan maigida, ƙanen matar maigida, wani ma ko hanyar shagon bai sani ba, saboda akwai perdiyem da sandwic da jaka mai tambari. Mu da hannunmu ke cikin aikin muna shago muna tsaro. Wanda ya je ya dawo da atestasiyo a manna a bango, ka tambaye shi me aka koya ya ce ai da Faransanci aka yi, majigi kawai aka yi ta haskawa. Ko da wanda ya dace ne ya je, abin da aka ɗura wa mutum kwana uku a jere sannan a shekara biyu ba a sake waiwayarsa ba, kamar ruwan sama ne a kan dutsen Birni, ya jiƙa sama ya gangare. Haka maganar injin faktir ɗin nan mai buga takardar shaidar ciniki da hukumar haraji ta kawo, shaguna sun saya da kuɗi masu yawa, amma sau da yawa mutum ɗaya ya iya shi a shagon, ran da ba ya nan sai ka ga mai saye daga ofis ya juya ya tafi don ba zai karɓi takardar hannu ba.

Sai babbar maganar, wadda ba ku faɗi a gabanmu amma muna jinta: in na koya masa duka gobe zai buɗe nasa a gabana ya kwashe min masu saye. Ba zan ce ƙarya ba ne, an yi, mun san waɗanda suka yi, wasu ma da littafin lambobin masu saye suka gudu kuma mu kanmu ba mu ga kyan haka ba. Amma Alhazai ku duba da kyau su wa suka fi tafiya. A fadarmu dai, waɗanda suka bar shago ba don sun ƙoshi da ilimi suka bari ba, sun bari ne don sun shekara uku huɗu suna aike da ɗaukar kaya suka ga ba inda za su, wani ya nufi Agadez, wani Libiya, wani Kano, wani ya hau moto. Wanda ake koya wa yana ganin gabansa, yana da dalilin zama. Kuma ku kanku wa ya koya muku? Ba wanda aka haifa da tasta a hannu. Kowannenku in aka zauna hira sai ya ambaci wani ubangida, wani a Kano wani a Maradi wani nan Zango, yana cewa Allah ya jiƙansa shi ya mai da ni mutum. To mu wa za mu ambata?

Garin nan fa ba baƙon koyar da sana'a ba ne. Zamanin Sarki Tanimu a nan Damagaram aka gina ganuwa, a nan maƙera suka zuba igwa da hannunsu, dukawanmu kuma har yau in aka ce aikin fata na Zinder an san abin da ake nufi. Wannan bai zo da kallo kawai ba, uba ne ke zaunar da ɗa, sarkin sana'a yana sa ido, ana gyara wa yaro riƙon wuƙa har ya iya, sannan a yaye shi a gaban mutane. Mu tsarin ya zube mana a tsakiya, na gargajiyar an sake shi, na lakwal ɗin kuma bai iso shago ba.

To ga abin da muke roƙo, kuma duk cikinsa babu wanda ke buƙatar jiran furoje ko Bature.

Ku maido da awar nan ɗaya, amma wannan karon a kafa mata rana da lokaci kamar yadda aka san lokacin buɗe shago, kar a bar ta a "in an samu sarari", don sarari ba ya samuwa a kasuwa sai an yanke shi da wuƙa. Alhamis ba ta yiwuwa, ranar kasuwa ce, kasuwar Dole ta cika ta batse mutanen Mirriah da Matameye da Magaria duk sun shigo. Juma'a ma rabin yini ce. Mu mun ga Talata da safe ta fi, daga ƙarfe 7 da rabi zuwa 8 da rabi, kafin rana ta yi zafi kafin masu saye su fara zuwa, amma kowane layi ya duba nasa, mai garaji da tela ba lokacinsu ɗaya ba. Kuma ta zama cikin lokacin aiki, kar a ce mu dawo bayan isha'i mutum ya wuni tsaye tun safe, barci kawai za mu yi. Mun san akwai lokutan da ba za ta yiwu ba kuma gara a faɗe su tun farko da a zo ana karya alkawari: azumi sati 4, tela a goman ƙarshe ko sallama ba ya amsawa, Layya sati 2, damina kuma a bar sati 6 don da yawanmu sai mun koma ƙauye shuka da noma da girbi. Ka cire 12 cikin 52 saura 40. Awa 40 a shekara, bai wuce satin aiki guda ba. A rubuta kwanakin a kwali a manna kusa da kalanda kowa na gani, in an tsallake Talata ɗaya a san an tsallake ta, a san kuma ranar da za a rama.

Me za a koya? Nan ne zaman bara ya mutu, don an zo an zauna ba a san ta inda za a fara ba, sai ya koma nasiha da faɗa kan makara da latsa waya. Ku sayi kaye ɗaya na dala 50 a aje kan kanta, duk abin da ya lalace, duk kayan da aka dawo da su, duk mai sayen da ya fita da fushi, duk tambayar da aka yi yaro ya kasa amsawa, a rubuta layi ɗaya, ba don a kama mai laifi ba, in aka mai da shi littafin cire albashi ba wanda zai sake rubuta gaskiya. Ranar Talata a buɗe a ɗauki abu ɗaya tak. Yau yadda ake auna batir da tasta. Wani satin me ya sa fanno ke fuskantar kudu a nan wajenmu kuma me ya sa sai an riƙa goge shi lokacin hunturu in buji ya lulluɓe shi. Wani satin me ya sa ba a barin batir mai ruwa ya sauka ƙasa da rabi, da yadda za ka gaya wa mai saye haka tun kafin ya kashe shi wata shida ya dawo yana cewa jabu muka sayar masa. A butik, yadda ake karanta ranar lalacewar kaya, da jera sabon kaya a baya tsoho a gaba don wanda ya fara shigowa ya fara fita, da rufe kes da dare a rubuta shiga da fita da bashi. Kuma ba da baki kaɗai ba, a nuna sau ɗaya sannan kowane yaro ya kama da hannunsa ya yi a gabanku, ya ɓata a kan mataccen inbata da ke jibge bayan shago ya fi ya ɓata a gidan mutane. Bayan sati huɗu a dawo kan abin da aka wuce a ga wa ya riƙe wa ya manta.

Mai koyarwa ba sai an ɗauko shi daga Yamai ba. Ku ne na farko, minti ashirin daga bakin wanda ya shekara 30 a sana'a ya fi majigi. Sai manyan yara irina, a ɗora mana, wanda ya koyar shi ma yana ƙara iyawa. Waɗanda kuke saro kaya wajensu kuna zuba musu miliyoyi, ku sa musu sharaɗi duk sabon kaya a turo wanda zai nuna shi ko a turo bidiyo a waya. Akwai malaman santocin koyon sana'a na CFM, akwai tsofaffin ma'aikatan wuta da suka yi ritaya suna zaune ƙofar gida da ilimi cike da kai, akwai ɗaliban jami'ar André Salifou da ke yawon neman wajen sitaj, za su iya nuna mana kwamfuta da lissafin kes. In shago 20 suka zuba jika ɗai-ɗai duk wata jika 20 kenan, ya isa a sallami baƙon malami sau ɗaya a wata a kuma sayi gilashin walda da safar hannu, sauran Talatocin kowane shago ya yi nasa. Adashe kuke yi na abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba.

A yi shi da Hausa. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci na aiki ne, to bai kamata a cikin Damagaram a koya wa yaron garaji gyaran birki da harshen da ba ya ji ba. Sunan kaya a bar shi yadda muke kiransa, bayanin dai ya zama da Hausa. Wanda bai yi boko ba amma ya yi allo ya rubuta da ajami abinsa, wanda ba ya ko ɗaya a ɗauki muryar darasin a tura a WhatsApp ya saurara da dare. Kuma 'yan matan kes da na ɗinki kar a ce su tsare shago maza su je, su ne kuɗi ke bi ta hannunsu.

Muna roƙon kowane yaro ya samu takarda ɗaya, a jera abubuwan sana'ar, duk wanda ya iya ya yi shi a gabanku ku sa hannu da kwanan wata. Amfaninta biyu ne. Ba za a tura yaro aikin da ba a sa masa hannu ba, in an tura shi ya ɓata to asarar ta shago ce, in kuma an koya masa an sa hannu ya yi ganganci, mu da kanmu za mu ce a cire. Sannan ran da zai tafi yana da abin nunawa. Ku kuma don hankalinku ya kwanta, a yi yarjejeniya tun ranar da aka kawo yaro, gaban mahaifinsa da shaidu biyu, shekara nawa zai yi, me za a koya masa, yaushe za a yaye shi, dokar aiki ta 2012 ma ta san da kwantaragin apranti, ba mu muka ƙago ba. Wanda ya karya ya gudu da masu saye, ƙungiya ta san shi kar wani ya ɗauke shi. Wanda ya cika a yaye shi da fatiha da goro, in ya buɗe nasa ma wajenku zai riƙa sarin kaya.

Ku kuma shugabanni, akwai asusun FAFPA da aka kafa musamman don tallafa wa koyon sana'a da ƙaro ilimin ma'aikata, akwai zauren 'yan kasuwa, akwai na masu sana'ar hannu. Yaron shago ba zai je ya ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofin a saurare shi ba, ku da takardun ƙungiya da hatimi ku ake saurare. Ku je da kayen nan a hannu ku ce ga abin da yaranmu ke ɓatawa, ga abin da muke so a koya, a cikin shagunanmu, da Hausa. In kuma an sake rubuto muku a kawo mutum goma, a kafe sunayen a bainar jama'a kafin a tura, a ga ko masu aikin ne, kuma duk wanda ya je Talata mai zuwa shi zai tsaya ya maimaita wa sauran abin da ya jiyo.

Namu ɓangaren mun ɗauka. Za mu zo kafin lokaci, mu share mu shimfiɗa tabarma, waya a aljihu, wanda ya yi fashi sau biyu ba dalili mu za mu fara yi masa magana kafin ku. Mun ji zamanku na gaba farkon wata ne, muna roƙon a sa maganar nan cikin abin da za a tattauna kuma a bar mutum uku daga cikinmu su shigo, namiji biyu mace ɗaya, minti goma sha biyar ya ishe mu. Ni dai maigidana, Allah ya saka masa, na karanta masa wannan kafin in sake ta, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce in fara da yaranmu biyu ranar Talata mu gani, mataccen inbatar nan ma yana nan cikin buhunsa ƙarƙashin kanta, da shi za mu fara. Wanda ke son turo yaronsa ƙofa a buɗe take, ƙarfe 7 da rabi, ya zo da tasta in shagonsu akwai.

Allah ya bar girma, ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.

Ɗanku,
wani yaron shagon kayan wuta, a madadin yaran shaguna da apranti na fadarmu, Damagaram.